Taimako dan Allah: na buga rikodin ɗin sikirin a faifai amma DVD ta ƙi karantawa

Malamin Ƙauye:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya hunturu ya sanyi. Dan Allah masana harkar kwamfuta a taimaka min da haske, abu ya tsaya min a wuya yau kwana 4 kenan.

Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye nan ƙasar Taura, lissafi aka ɗauke ni in koyar amma da yake ni kaɗai ne mai laftof a makarantar sai aka haɗa min da darasin kwamfuta, kun dai san yadda ake yi. To damuwata yaranmu 'yan aji 6 masu shirin JAMB. Tun da aka mayar da jarrabawar nan ta kwamfuta zalla a 2015 muke fama da su, wlh yaro ne ka san yana da ƙwaƙwalwa, a takarda babu abin da zai gagare shi, amma ranar jarrabawa ita ce ranar farko da zai zauna gaban kibod, a kwashe su a mota tun asuba a kai su Dutse ko Hadejia hannu na rawa, kafin ya gane inda zai danna lokaci ya tafi. Bara akwai yarinyar da ta dawo tana kuka wai kibiyar nan ta linzami ce ta ɓace mata, ta zauna shiru tana jiran a zo a duba mata ga agogo na ta tafiya.

Shi ne na dinga zama da daddare ina yin rikodin ɗin sikirin ɗin laftof ɗina da manhajar OBS, ina yi ina bayani da Hausa, tun daga yadda ake riƙe linzami, yadda za ka sa lambar rajista, yadda ake zaɓar A B C D a kibod a danna N a wuce gaba ko P a koma baya, har darasi 6, kowanne minti 20 zuwa 25, duka a MP4 suke. Niyyata in buga su a faifai in raba wa yaran su dinga kallo a gida.

Na aika aka siyo min faifai 10 daga Kano. Na sa ɗaya a laftof, Windows ta kawo min zaɓi biyu, na farko Like a USB flash drive na biyu With a CD/DVD player, ni kuwa na ce ai ga abin da nake nema nan na danna na biyun, na ja fayilolin na zuba, ta yi bonin, wato ta buga, lafiya lau ta tofo faifan. A laftof yana yi ras. Na ɗauka da murnata na kai gidan baffana da ke da DVD, yara har sun jeru a tabarma, muka sa, ta yi ta juyi ƙir ƙir ƙir can sai ta rubuta NO DISC. Muka goge da gefen riga muka mayar, haka dai. Na kai wani gidan, tasu ta buɗe ta nuna sunayen fayilolin amma in ka danna ba hoto ba murya. Na sake buga wasu 2 na ce ko faifan ne, yanzu 3 sun tafi a banza saura 7 kuma tsoron taɓa su nake.

A ina na kuskure? Faifan ne ba shi da kyau ko laftof ɗin ce? Kuma dan Allah a yi min bayani irin na ɗan koyo kar a yi min yaren injiniyoyi.

Ɗan Zamani:

Hhhh Malam wai dama har yanzu akwai masu kunna DVD? ni rabona da riƙe faifai tun ina firamare. Ka tura musu ta Xender kawai ko ka buɗe musu guruf a WhatsApp, ko ka kai wa masu turi a tasha su dinga zuba wa yaran a memori, meye na wahalar da kai. Ko 'yan fim ɗin Kano ma ai sun bar faifai sun koma YouTube

Malamin Ƙauye:

@Ɗan Zamani ƙanena daga ji kai ɗan birni ne. A ajin nan masu babbar waya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, 'yan matan kuwa ba a bari su riƙe, wayar gidan ta uba ce kuma tana aljihunsa daga gona har kasuwar Gujungu. Amma DVD tana nan a ɗakunan mata da yawa tun ta jere, an lulluɓe ta da ƙyalle a kan kabad, wasu da ɗan ƙaramin sola da batir suke kunnawa. Kuma ai na gwada memorin, na zuba wa wani yaro darasi 2, bayan sati na karɓa in duba na tarar yayansa ya goge ya cika shi da waƙoƙi da fassarar Indiya. Faifai kuwa ba mai iya goge shi.

Tsohon Mai Bonin:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka maka da alheri kan yaran nan. Ni daga Ringim nake, da can sana'ata kenan, buga faifan biki da saukar Alƙur'ani da wa'azi, kafin waya ta zo ta tashe mu daga kasuwa na koma caji da turi. Don haka bari in ɗan yi tsawo ka yi haƙuri.

Da farko kwantar da hankalinka, faifanka lafiyarsa ƙalau laftof ma haka. Abin da ka buga faifan ajiya ne ba faifan kallo ba. Wannan zaɓin na With a CD/DVD player ya ci faifan mutane ba adadi, shi aikinsa kawai ya zuba fayil ɗin yadda yake ya rufe faifan, ba ya canza bidiyon ko kaɗan. Kamar ka rubuta wasiƙa da boko ne ka kai wa tsohon da ajami kaɗai ya iya, takardar mai kyau ce tawadar ma mai kyau ce amma zai juya ta ya juya ya miƙo maka abarka. Ita DVD a 1996 ta fito a Japan, kuma nau'in bidiyon da aka gina ta a kai shi ne MPEG-2. Shi kuma MP4 ɗin da OBS ko waya ke fitarwa yawanci nau'in bidiyon cikinsa H.264 ne, wanda sai a 2003 aka fito da shi, ka ga ina za ta san shi.

In kana so ka gani da idonka ɗauki duk wani tsohon faifan fim na DVD ka sa a laftof ka buɗe shi kamar fulash. Ba za ka ga MP4 ba. Folda za ka gani mai suna VIDEO_TS, wani lokacin da wata AUDIO_TS da babu komai a ciki. A cikin VIDEO_TS ɗin akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB, su ne ainihin hoton da muryar kuma ana yanka su kar kowanne ya wuce 1 GB, sai masu IFO su ne ke gaya wa na'urar ga farko ga ƙarshe ga inda za ta je in an danna rimot, sai BUP kwafin IFO ne na ko-ta-kwana. Faifan da na'ura ta leƙa ta ga wannan tsarin yawanci za ta kunna shi ko ta wane kamfani ce. Ba kuma da hannu ake haɗa shi ba, manhaja ce ke yi.

Ni wadda zan ce ka nema ita ce DVDStyler, kyauta ce. Akwai DVD Flick ita ma kyauta, mun ci abinci da ita sosai amma tun 2009 ba a sake sabunta ta ba. In da laftof ɗinka Windows 7 ce ma akwai Windows DVD Maker a ciki, daga Windows 8 suka cire. Ka sauke daga shafinsu na asali, kuma wajen instolin ka dinga karantawa kafin ka danna Next kar ka kwaso tarkace.

In ka buɗe DVDStyler za ta tambaye ka abubuwa tun a farko. Girman faifai ka bar shi a 4.7 GB. Tsarin hoto ka zaɓi PAL, shi ne namu na Najeriya, 720x576 hoto 25 a sakan. NTSC na su Amurka da Japan ne, yawancin na'urorin da ke hannun mutane suna cin duka biyun amma wata tsohuwar talabijin in ka ba ta NTSC sai ta koma baƙi da fari ko hoton ya dinga gudu sama, to me ya kai ka. Murya ka bar ta a AC3. Sai faɗin hoto, 16:9 ko 4:3, zan dawo kansa. Daga nan za ta nuna maka samfurin menu ka ɗauki mafi sauƙi, ka ja darussan nan 6 ka jefa a layin ƙasa bi da bi, ka yi wa kowanne maɓalli ka rubuta Darasi na 1, Darasi na 2 da manyan baƙi yadda yaro zai zaɓa da rimot. Kar ka tsaya ado da furanni.

Maganar ko za su shiga faifai ɗaya, za su shiga. Faifan 4.7 GB, wanda kwamfuta za ta nuna maka 4.38 kar ka ce an cuce ka lissafinsu ne ya bambanta, yana ɗaukar wajen awa 2 da hoto mai kyau. Naka bai fi awa 2 da rabi ba, kuma hoton sikirin ba kamar fim ba ne da ake guje-guje, yawanci a tsaye yake kibiya ce kawai ke motsi, don haka ko an ɗan matse shi ba ya nunawa. Akwai ɗan layi a ƙasa da ke nuna maka yadda faifan ke cika, in ka bar kwalitin a Auto ita za ta daidaita da kanta.

Yanzu ga inda za ka tsira da faifanka 7 ɗin nan. In ka zo bonin KAR ka buga kai tsaye. Zaɓi create ISO image, ta haɗa maka faifan a matsayin fayil ɗaya a cikin laftof. Zai ɗau lokaci fa, in laftof ɗin ta kwana biyu ka je ka yi sallah ka ci tuwo ka dawo. In ta gama ka buɗe ISO ɗin da manhajar kallon bidiyo ta VLC ka kalla, ka danna maɓallan menu ɗaya bayan ɗaya, ka tsallaka ƙarshen kowane darasi ka ji ko murya na tafiya daidai da hoto. Sai ka gamsu sannan ka sa faifai ka danna ISO ɗin da hannun dama ka zaɓi Burn disc image, ko ka yi da manhajar ImgBurn in kana so ka zaɓi gudun da kanka. Amfanin ISO kuma ko faifai 50 za ka buga daga shi za ka yi ta bugawa ba sai an sake jiran juyawa ba.

Gudu ka sa 4x ko 6x ko da an rubuta 16x a jikin faifan. Garaje ba ya yi a nan, wanda aka buga a hankali tsofaffin na'urori sun fi karanta shi. Kuma duba jikin kwalin, in DVD-R ne mai alamar ragewa madalla, shi ya riga fitowa tun 1997, mai alamar tarawa DVD+R sai 2002, shi ya sa wasu tsofaffin na'urorin suka fi jituwa da na farkon. Mai RW wanda ake gogewa a sake ka samu guda 1 ka ajiye na gwaji, amma kar ka raba wa yara shi.

Abu na ƙarshe kuma wlh shi ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci tunda rikodin ɗin sikirin ne. In laftof ɗinka 1920x1080 ka ɗauka, DVD kuma 720x576 ce, kai malamin lissafi ne buga ka gani, kashi 1 cikin 5 na ɗigon hoton ne zai rage. A fim ba a damuwa, fuskar mutum fuska ce. Amma ƙananan rubutun kwamfuta narkewa suke su zama kamar tururuwa ta bi ta kan tawada, balle a talabijin mai ƙeya da kebul ɗin nan mai kai rawaya da fari da ja. To in rubutun bai karantu ba a VLC kar ka ɓata faifai, babu manhajar da za ta gyara shi, sake ɗauka za ka yi. Ka mayar da sikirin ɗin 1280x720, ka shiga saitin ka ƙara girman rubutu zuwa 150%, in a burauza ne ka danne Ctrl ka yi ta danna + har ya yi ɓaro-ɓaro, ita ma kibiyar ka ƙara mata girma ka canza mata launi. A OBS ka sa hoto 25 a sakan tun daga farko. Sannan talabijin mai ƙeya tana cinye gefe-gefen hoto, duk abin da ke can lungu kamar agogon jarrabawa ko maɓallin ƙasa zai iya ɓacewa, ka ja windon ya dawo tsakiya ka bar fili a kewaye. In gidajen da za a kalla yawanci masu ƙeya ne, 16:9 zai fito da baƙi sama da ƙasa rubutu ya ƙara ƙanƙancewa, gara ka ɗauka a 1024x768 ka zaɓi 4:3 ya cika musu gilashin.

Malamar Islamiyya:

Slm. Allah ya ƙara basira Baba mai bonin, kamar ka san abin da ke damuna. Ni a wani gari nake kusa da Gumel ina koyar da matan aure karatu da yamma. Da waya nake yin nawa, in buɗe shafin Mus'hafi a waya in kunna rikodin ɗin sikirin ina karantawa ina bin layin da alama, don su dinga bita a gida tunda ba kullum mazan ke barinsu fitowa ba balle lokacin girbi. Na ba ƙanena ya kai wani shago aka buga min, ya kunnu kam ba laifi, amma hoton ya fito ɗan siriri a tsakiya kamar tsinken tsire hagu baƙi dama baƙi, wasali ba ya ganuwa sam, fatha da kasra duk ɗaya. Na biyu kuma da farko murya da alamar suna tafiya tare amma kafin a kai ƙarshen shafi sai ka ji ina aya ta gaba alamar tana ta baya, ka ga a karatun Alƙur'ani ai wannan rikita mutane ne. Mai shagon ya ce wai wayata ce. Haka ne ko dai bai iya ba ne?

Ɗalibi a Dutse:

Malama ina wuni. Mai shagon yana da rabin gaskiya.

Na sirantaka, a tsaye kika riƙe wayar. Sikirin ɗin waya dogo ne, da yawa 1080x2400 ne, talabijin kuma a kwance take, to in aka ce dogon nan ya shiga gaba ɗayansa dole a rage shi har faɗinsa ya koma wajen kwata na faɗin talabijin ɗin, sauran duk baƙi. Maganinsa tun wajen ɗauka ne, ki kunna juyawar sikirin ki kwantar da wayar KAFIN ki danna rikodin, ki zuƙo shafin yadda layi 3 ko 4 ne kawai za su cika fuskar, kina karantawa kina jan shi sama. Wanda kika riga kika ɗauka ana iya yanke sama da ƙasa a bar tsakiya amma za a yi asarar layuka, ni dai da sakewa kika yi.

Na murya kuma, waya ba ta ɗaukar sikirin da gudu ɗaya. In babu abin da ke motsi sai ta rage yawan hotunan da take ɗauka a sakan don ta yi tattalin wuri, in kin motsa ta ƙara. DVD kuwa 25 take so cif ba ragi ba ƙari daga farko har ƙarshe. Wasu manhajojin in suna juyawa sai lissafin ya kuɓuce musu, kuskuren kaɗan ne amma yana taruwa, shi ya sa farko daidai ƙarshe ya zame. Gyaran: kafin a kai shi DVDStyler a fara bi da shi ta HandBrake, ita ma kyauta ce, a shiga ɓangaren Video a sa Framerate a 25 a zaɓi Constant Framerate a fitar da sabon MP4, shi za a yi aiki da shi. HandBrake ba ta haɗa faifan DVD fa, gyaran gudun kawai za ta yi miki. Ki rubuta wa ƙanin naki a takarda ya kai wa mai shagon.

Kuma ki sa wayar a yanayin jirgi kafin ki fara, na taɓa ganin wani darasi ana tsakiyar bayani saƙon matarsa ya faɗo a saman sikirin kowa ya karanta hhh.

Malamin Ƙauye kai kuma na'ura ta biyu da ta nuna maka sunayen fayil, ina zargin irin mai ramin fulash ce da aka rubuta MP4 ko MPEG4 ko DivX a goshinta. Wannan rubutun yaudara ne, abin da suke nufi nau'in bidiyo na DivX da Xvid a fayil ɗin AVI, ba H.264 na waya ba. Irinsu in ka juya bidiyon zuwa AVI Xvid da manhajar Format Factory, faɗinsa kar ya wuce 720, ka zuba a fulash mai FAT32 ko ma a faifan ajiya irin wanda ka buga, yawanci suna kunnawa. Amma ba kowace ba, hanyar Baba ita ce mai yi a ko'ina. Masu son gajeriyar hanya kuma akwai ffmpeg, layi ɗaya ne

ffmpeg -i darasi1.mp4 -target pal-dvd -aspect 16:9 darasi1.mpg

zai ba ka MPEG-2 daidai ƙa'idar PAL, sai dai duk da haka sai ka kai shi DVDStyler ta gina masa VIDEO_TS

Tsohon Mai Bonin:

Ɗalibi mutumin ya ce kar a yi masa yaren injiniyoyi kai kuma ka kawo masa ɗalasimai, Allah ya shirye ka. Amma maganar murya gaskiyarka ce, mu a zamaninmu daga kyamara muke ɗaukowa ba mu san wannan ciwon ba.

Malam na manta ban ce ba, in faifan ya yi a gida 3 ya ƙi a na 4 kar ka zargi kanka. Hunturun nan ƙura ke rufe idon na'urar, wadda ta shekara a rufe ba a kunna ba ko faifan kamfani ka sa mata NO DISC za ta ce. A kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe ya share idon da auduga a hankali. Kuma ka rubuta suna da maka a saman faifan, kar ka liƙa takarda tana sa shi rawa a ciki, kar kuma a bar shi a rana ko a kan talabijin mai zafi. In za a goge daga tsakiya zuwa baki ake yi da ƙyalle mai laushi, ba zagaye ba, ba kuma da gefen riga ba Malam.

Malamin Ƙauye:

Jama'a na dawo da rahoto, ku yi haƙuri da shiruna sai da na hau mashin na je inda sabis ke da ƙarfi na sauke manhajojin.

Baba mai bonin kamar kana gani. Na haɗa ISO ɗin farko na buɗe a VLC, menu ya yi kyau har ina jin kaina, ina shiga darasi na 2 inda ake sa lambar rajista sai na ga ni kaina da na rubuta ba na iya bambance 8 da B. Haka na haƙura na sake ɗaukar darasi 4 daga cikin 6 a 1024x768, na ƙara rubutu na mayar da kibiyar ƙatuwa ruwan ɗorawa, dare 3 ina yi, uwargida har ta fara tambaya wai da wa nake hira a ɗaki ni kaɗai. Sauran 2 na riƙon linzami ne da zaman kibod babu ƙananan rubutu sosai na bar su.

Na yi asarar faifai 1 kuma laifina ne, batirin laftof ɗin ya mutu dama sai da wuta take yi, na je shagon caji ina cikin bonin ya kai 60 da wani abu mai shagon ya kashe janareto zai ƙara mai bai faɗa min ba. Na biyun na ce masa dan girman Allah kar ya taɓa komai na minti 20, na sa 4x, ya fita.

Na kai gidan baffa da la'asar. Ta ɗan yi juyinta ƙir ƙir gabana na faɗuwa sai ga menu ya fito Darasi na 1 har 6, yara suka sa ihu, baffa da ke alwala ya leƙo ya ji muryata a talabijin ya ce au kai ma ka shiga fim ɗin ne. Na gwada a gida 5, ya yi a 4. Gefen dama ya ɗan cinye kamar yadda ka ce amma da yake na ja windon tsakiya agogon yana nan ana gani.

Na 5 ɗin ne ban gane ba, ta ƙi sam, kuma tana kunna nasu tsofaffin faifan lafiya lau balle in ce ƙura ce. Na duba goshinta ban ga an rubuta DVD ba, VCD na gani da MP3. Kuma gidan akwai 'yan aji 6 har biyu, ita ma akwai dabara ko a haƙura?

Tsohon Mai Bonin:

Alhamdu lillahi, ka gaida baffa. Waccan ba DVD ba ce Malam, yayarta ce, VCD tun ta 1993, idonta ba ya ganin faifan DVD ko me ka zuba a ciki. Faifan CD take ci mai 700 MB, bidiyon MPEG-1 352x288, kuma wajen minti 80 kawai yake ɗauka ka ga naka sai faifai 2. Manhajar Nero na yi, da ita muke bugawa da. Amma kai da ka sha wuya da rubutu a 720 ina ga 352, lambar rajistar nan ko ka mayar da ita girman tafin hannu da ƙyar za ta karantu. Yaran nan biyu su dinga zuwa gidan baffa bayan la'asar kawai.

Faifai nawa ya rage maka yanzu, 5? In kana shigowa Ringim ka taho da ISO ɗin a fulash, akwai sauran DVD-R a ƙasan kanta tun na da ban san ko suna da rai ba, mu gwada.